Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koya wa yara tarihin arzikin Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano. Makon jiya na tambayi 'yan ajina da me Kano ta yi arziki a da, gaba ɗaya suka ce dalar gyaɗa. Na ce to ina dalar ta tafi? Wani yaro ya ce babansa ya faɗa masa man fetur ne ya zo, mutane suka yi lalaci suka bar gona. Abin ya tsaya mini a rai, don yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu. Manhaja ba ta ware wa wannan ko mako ɗaya ba, takardar izinin fita da yara kuwa wata biyu ke nan ina jiranta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki da alheri da abin ya dame ki. Amsar yaron nan ita nake sha kullum, har daga bakin ɗaliban jami'a masu gemu, don haka ki yi haƙuri in daɗe a kanta kafin in zo ga yadda za ki koyar.

Kin san hoton da ke yawo a Facebook: buhuna jere har sama, leburori na hawa da buhu a ka, a ƙasa an rubuta "Allah sarki Arewa". Masu yaɗa shi ba su taɓa tambayar me ya sa aka tara gyaɗar a fili ba. Dala ba rumbun manomi ba ce. Gyaɗa ce da ta riga ta bar hannunsa, tana jiran jirgin ƙasa ya kai ta Legas a tsallaka da ita Turai. Bayan yaƙin duniya na biyu jirgin ya kasa kwashe ta saboda ƙarancin tarago da kan jirgi, sai amfanin wata kakar ya tarar da na wata, ana lulluɓe shi da tamfol, ƙwari na ci. Tsawon dala shaida ce ta ƙwazon manomi, haka nan shaida ce ta gazawar sufuri.

Sannan wa ke yanka farashi? Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce, daga 1954 kuma hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa. Manomi zai kai gyaɗarsa kan sikeli a biya shi ƙasa da abin da take yi a kasuwar duniya, rarar ta zauna hannun hukuma. An yi ayyukan gwamnati da wani kaso nata, wannan gaskiya ne, amma daga guminsa aka yanka, ga haraji na jiransa. Da fari ya auko a 1972 zuwa 1974, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gonaki, mutumin da ya ga hatsi ya fi gyaɗa ceton iyalinsa ya koma gero da dawa da wake. Wannan lissafi ne na mai hankali. Kuɗin fetur ya sa gwamnati ta kau da kai daga noma, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gonar. Duk da haka har gobe Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman gyaɗa a duniya. Matse ta muke yi a gida, mu ci man, mu ci ƙuli-ƙuli. Wanda ke shakka ya leƙa kasuwar Dawanau da kaka.

Me ya sa nake zafi a kan wannan? Don yaron da aka gaya wa kakansa malalaci ne zai girma yana raina gidansu. Kuma labarin dala yana sa shi ya ɗauka arzikin Kano ya fara ne da zuwan Bature. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Auduga ma suka so a noma musu saboda masaƙun Ingila, fataken goro da manoman karkara suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya akalar a 1912. Jarin da amanar da wakilan ƙauye da aka yi wannan da su, duk daga fataucin goro na Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, aka gado su. Zamanin dala gaba ɗaya bai kai shekara saba'in ba, a garin da kasuwar Kurmi ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

To ga inda za ki fara: da riga guda ɗaya. Ki aro tsohon turkuɗi ko baƙin zane na gargajiya ki shigo da shi aji, ki bar su su taɓa, shuni ya kama musu yatsu. Sai ki tambaye su hannu nawa ya bi kafin ya zo nan. Manomin auduga, matar da ta gurje ta ta kaɗa da mazari a tsakar gida, masaƙi, marini a karofi da baban rini da toka, mabugi, dillali, fatoma mai saukar da baƙi, madugu mai jan ayari. Ki rubuta su a allo, kowane yaro ya ɗauki ɗaya, ki ba su 'ya'yan dabino ko tsakuwa a matsayin wuri su yi ciniki. A minti arba'in za su gane bashi da la'ada da riba fiye da yadda littafi zai gaya musu. Daga nan ki faɗa musu cewa wani Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da garin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, kuma ya ce suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Rinin Kura kuwa shi Buzaye ke naɗawa. Kada ki ɓoye musu cewa bayi sun yi noma a rinjojin sarakuna da attajirai, kuma an sayar da mutane a kasuwa. Yara na iya ɗaukar gaskiya idan an faɗa musu da natsuwa.

Batun takardar izini yana ƙona mini rai. Gidan Makama na nan, marinar Ƙofar Mata na nan, wasu makarantun da ƙafa ma za a je, amma takarda ta kwana wata biyu a kan teburin wani. Ki ci gaba da bibiya, amma kada ki jira ta. Unguwannin yaran su ne taswirarki. Ki tambayi ɗan Alfindiki ko ya san sunan daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Turawan Dandalin Turawa Larabawa ne. Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Soron Ɗinki, kowace tana faɗin wanda ya zo da abin da ya kawo. A ajinki da wuya a rasa jikan Agalawa ko Tokarawa wanda kakanninsa suka kai kaya Salaga a ƙasar Gana ta yau suka dawo da goro a kan jakuna.

Aikin gida kuma tambaya uku kawai, ga mafi tsufa a gidan, mace ko namiji: wace sana'a kika taras ana yi a gidan nan, wa ake sayar wa, me ya sa aka bari ko aka ci gaba? Ki nace a tambayi mata, domin kaɗi da ƙuli-ƙuli da adashi a hannunsu suke, littattafai kuma sun tsallake su. Za ki sami wanda kakansa ya yi aiki a masaƙa a Bompai ko majema a Challawa har aka rufe. Nan ne za ki shigo da matsalar wutar lantarki da kayan waje da suka cika Kantin Kwari.

Yaron da ya kawo maganar lalaci, kada ki ƙaryata babansa a gaban aji. Ki ba shi aikin ya tambayo wani dattijo nawa aka sayi buhun gyaɗa a hannunsa, kuma me ya shuka a shekarar da darɓa ta sauka. Ranar Litinin shi zai fara karanta abin da ya samo.