Tambaya da Amsa: Ɗaukar hoton furannin dangin fofi

Wasiƙun wannan karo sun taru ne a kan furannin dangin fofi (poppy a Turance), waɗanda masana tsirrai ke kira Papaveraceae. A ƙasashen sanyi da yawansu suna fitowa daga Maris zuwa Yuni, bayan hunturu ya ja baya, wasu a lambu, wasu a ƙarƙashin itatuwan daji.

Tambaya: Ina ɗaukar jan fofi a lambu a Ingila, amma hoton sai ya fito kamar an zuba jan fenti, ba a ganin lanƙwasar furen ko jijiyoyinsa. Me ke jawo haka?

Amsa: Malam, kyamara tana karɓar haske ne ta launi uku, ja da kore da shuɗi, sannan ta haɗa su ta yanke hukunci. Furen jan fofi, wato Papaver rhoeas ko Papaver orientale, ja ne zalla, don haka ma'aunin ja yakan cika har ya tumbatsa alhali kore da shuɗi suna can ƙasa. Da kyamara ta haɗa lissafin sai ta ga komai lafiya, nan kuwa bayanan da ke cikin jan sun riga sun ɓace, kuma babu gyaran kwamfuta da zai dawo da su.

Ka buɗe jadawalin haske da ke allon kyamara, mai nuna kowane launi daban, ka lura da na ja kawai. Idan ya jingina da bangon dama, rage haske da -0.7 ko -1, ka sake ɗauka. Ganyen da ke baya zai yi duhu, wannan ba komai, ana iya ɗaga shi daga baya in dai ka ajiye hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ka kashe salon da ke ƙara wa launi kaifi, ka kuma sa ma'aunin fari, wanda ke daidaita launin haske, a kan hasken rana, wajen 5200K, domin in ka bar wa kyamara zaɓi takan iya sauya launin hoton.

Sai inda ka tsaya. Fallayen furen fofi sirara ne kamar takarda, haske na ratsa su. Ka durƙusa yadda rana za ta kasance a bayan furen, ɗan gefe kaɗan, da hantsi kafin ta ɗaga. A nan ne jijiyoyi da ƙananan gasun da ke jikin karan suke fitowa fes. Ka sa murfin da ke kare gilashin kyamara daga rana, in ba haka ba hoton zai yi hazo. Kuma ka yi sammako: Papaver rhoeas da sassafe yake buɗewa, sau da yawa kafin yamma fallayensa sun zube.

Tambaya: Mun isa filin fofi na Kalifoniya da asuba don mu sami haske mai laushi, sai muka tarar duk furannin a rufe.

Amsa: Malama, haka ɗabi'ar Eschscholzia californica take. Yana naɗe kansa da dare, da lokacin sanyi, da gajimare, da iska mai ƙarfi, ba ya buɗewa sai rana ta ɗumama shi. Ke nan dole a yi aiki da rana mai kaifi. Ga fure ɗaya ko biyu, a riƙe farin ƙyalle mai shara-shara sama da su, kamar rabin mita, ya tace hasken. Ga fili gaba ɗaya, gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara yana taimakawa ƙwarai, domin furen na da sheƙi irin na siliki wanda ke dusashe ruwan lemonsa. A gandun Antelope Valley da ke arewa da Los Anjalas, furen yakan fi yawa daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu, kuma doka ce a tsaya kan hanyar da aka shata, don haka ki tafi da gilashi mai jawo nesa, kamar 200mm.

Tambaya: A dajin gabashin Amurka akwai ɗan farin fure mai rawayan tsakiya da ake ce wa Sanguinaria. Farin yana ƙonewa a hotona, bayan kuma cike da tarkace.

Amsa: Wannan fure na son haƙuri. Tsayinsa bai wuce santimita 15 ba a lokacin da yake fure, fallayensa takwas zuwa goma sha biyu ne, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai suke yi. Yana fitowa kafin itatuwa su yi ganye, shi ya sa rana ke faɗo masa dabbare-dabbare ta tsakanin rassa, wani wuri fari fat, wani baƙi. Kyamara ba ta iya ɗaukar duka biyun. Ka sa inuwar jikinka ko ƙyalle ta rufe furen da abin da ke bayansa baki ɗaya, ka auna haske a kan farin, ka rage har alamar ƙonewa da ke allon kyamara, mai nuna inda haske ya yi yawa, ta daina ƙiftawa.

Maganin tarkace kuwa shi ne sauka ƙasa. Ɗora kyamara a kan ƙaramar jaka mai cike da tsaba ko yashi, daidai da tsayin furen, ka buɗe ƙofar haske zuwa f/4 ko f/5.6, ka nemi kusurwar da bayan furen ke da nisa. Busasshen ganye mai haske ko tsinke da ya gitta, ɗauke shi da hannu a hankali, ka mayar in ka gama. A ganinmu hoton da ya fi kyau shi ne wanda ya nuna ganyen da ke naɗe da karan kamar mayafi, domin da shi ake gane tsiron. Kada ka tsinke shi: jan ruwan da ke jikinsa na iya ƙona fata. Ɗan uwansa Dicentra cucullaria furanninsa jere suke a kan kara ɗaya, sai ka daidaita bayan kyamara da layin karan don su fito sarai dukansu.

Tambaya: Ko da ƙafafun kyamara nake aiki, hoton kusa yana fitowa dishi-dishi.

Amsa: Ƙafafu suna riƙe kyamara ne, furen kuwa yana kan siririn kara, iska kaɗan ta ishe shi rawa. Ka kai saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa ko fiye, ko da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zai hau 800 ko 1600. Abu na biyu, idan ka matso har girman furen a cikin kyamara ya zama daidai da girmansa na zahiri, abin da ke fitowa sarai a f/8 kusan milimita ɗaya ne kacal. Ka saita kaifin hoton da hannu a kan zaruruwan tsakiyar furen mafi kusa da kai, ka ɗauki biyar ko shida a jere lokacin da iska ta lafa. Matse ƙofar haske ta wuce f/16 yana sa hoton duka ya yi laushi. In kana son fure ya fito sarai daga gaba har baya, ɗauki hotuna 15 zuwa 30 kana matsar da saitin kaɗan-kaɗan, ka haɗa su a kwamfuta, amma sai ranar da babu iska ko kaɗan.

Tambaya: Shuɗin fofi na Himalaya, wato Meconopsis, yana komawa ruwan hoda-hoda a hotona.

Amsa: Fara duba furen da idonka, domin wasu da ɗan jansu suke fitowa. In shuɗi ne tsantsa, ajiye kati mai ruwan toka a gefensa, ɗauki hoto ɗaya, ka daidaita farin sauran da shi. Ka guji rana mai ja ta safiya da ta yamma. A lambunan Sikotilan yana fure ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma ranar da gajimare ya rufe sama ce shuɗinsa ke fitowa daidai.