Tambaya da Amsa: Marini da Kayan Sin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marini ne a Ƙofar Mata da ke Kano, sana'ar da na gada, amma yanzu mai saye yakan ɗaga yadin da muka rina ya ce na Sin ya fi araha. Me ya jawo haka, kuma ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin ya samo asali ne tun 1986, lokacin da tsarin SAP, wato shirin gwamnatin Najeriya na gyaran tattalin arziki, ya karya darajar naira ya sassauta shigo da kaya, sannan ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, kayanta suka kwararo kasuwannin Afirka. Masaƙun Bompai, Sharaɗa da Chalawa, waɗanda ke fama da rashin wutar lantarki da tsadar man janareta, suka yi ta rufewa, har Kantin Kwari ya koma matattarar atamfa da shaddar waje, wasu ma an kwaikwayi zanen gida a jikinsu.

A ganina, kada ka yi gasar farashi da injin da ke buga dubban yadi a yini, domin ba za ka ci riba ba. Abin da kake da shi, wato baba da toka da kanwa a cikin karofi, da ɗaurin hannu wanda kowane zane ke fitowa da kamanninsa, inji ba ya iya shi. Ka ɗauki hoton aikinka tun yana ɗiga a bakin karofi, ka tallata a WhatsApp da Instagram, ka kuma haɗa kai da telolin da ke ɗinka wa 'yan ƙasashen waje, domin su kan biya kuɗin aikin hannu.