Alhaji, hannun jari ma tayawa ake kamar shago

Wani Alhaji mai atamfa a kasuwar Central nan Katsina ya turo min tambaya, wai yaronshi ya sa mashi manhajar sayen hannun jari a waya, ya ga na wani kamfani naira 80, to ta ina zai gane tsada ko araha tunda ba atamfa ba ce balle ya murza ya ji.

Ranka ya daɗe ai lissafin ka daɗe da iya shi. In aka yi maka tallan shago mai kawo haya dubu 200 a shekara, kai kuma ba ka yarda da ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ai miliyan ɗaya za ka taya ko? To haka nan yake, abin da kamfani zai riƙa raba maka shi ne hayar. Wani masani Myron Gordon ya ƙara da cewa a sa ƙaruwar ribar a ciki. A ce baɗi za a ba ka naira 10, kana son kashi 30, rabon na ƙaruwa da kashi 5 duk shekara, cire 5 daga 30 saura 25, goma kuwa kashi 25 ce ta 40. Kenan naira 40 za ka taya, 80 ta yi tsada.

To 30 ɗin daga ina? Nan CAPM ta shigo, wato dabarar auna ribar da ta dace da kasada, ta masani William Sharpe a 1964, wanda ya samu Nobel a 1990 tare da wani masanin, Markowitz. Ka fara da inda kusan babu kasada, kamar sukuk, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci, ta gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, a ce yana ba da 15, kasuwar hannun jari ta NGX a Legas dukanta kuma a ce 25, tazarar 10 ɗin nan ladan kasada ce. Sai a duba beta, wato in kasuwa ta motsa shi wannan kamfanin yaya yake tsalle, in 1.5 ne ladan ya koma 15, a haɗa da 15 ta farko, ka ga 30 ke nan. Lambobin misali ne fa na kawo.

Ni dai inda nake tsoro wajen ƙaruwar nan ne, don hasashe ne zalla, maida 5 ɗin 15 ka ga farashi ya haura kusan naira 67, kuma beta da farashin baya ake auna ta, ba ta san naira za ta faɗi kamar yadda ta yi a 2023 ba.

Ka sa yaron ya nemo abin da kamfanin ya raba shekara biyar baya, ka turo mu buga tare kafin ka saki ko sisi.