Tambayi Likita: Allurar Sinawa za ta warkar da maigidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana tela ne a Babbar Kasuwar Maradi. Bara almakashi ya fara kuɓuce masa, yanzu ƙafa ta ƙi taka keke, harshensa ma ya yi nauyi. A Yamai aka ce ciwon Charcot ne. An ba mu labarin wani mai tsira siraran allurai irin na Sinawa, wai yana warkar da shi, amma kuɗin da ya yanka sai mun sayar da gonarmu ta Tibiri. In yi?
Uwargida, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Don Allah kada ki taɓa gonar nan.

Wannan ciwo, wanda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1869, yana kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Jijiyar da ta mutu ba allurar da za ta tashe ta. Ko riluzole, maganin da aka amince da shi a Amurka tun 1995, watanni kaɗan yake ƙara wa mai ciwon. Duk wanda ya ce miki zai warkar da shi, aljihunki yake kallo, kuma abin na ƙona min rai.

Ban hana allurar gaba ɗaya ba. Wasu na jin sassaucin ciwon jiki da ɗaurewar tsoka bayan an yi musu. In yana so, a je wurin ƙwararre, a ɓare sabbin allurai a gabanki, don tsohuwar allura na ɗauke da ciwon hanta da sida. Kada a tsira masa a ƙirji ko gadon baya: in allura ta huda huhu, ga numfashi dama ya raunana, sai a yi da-na-sani. Sakiya da tsagar wanzami kuwa a bar su, domin fatarsa na jin zafi sarai.

Inda nake so ki sa ido shi ne haɗiya da numfashi. Ki kaurara masa kunu da fura, ruwa tsululu ya fi shaƙe masu wannan ciwo. Ya ci a zaune, ya kwanta kai a ɗage, a riƙa motsa masa gaɓoɓi kullum. Ki yi ta hira da shi, yawancinsu hankalinsu ras yake, kuma ba a ɗaukar ciwon daga jikinsa.

Ranar da kika ga yana tashi da ciwon kai da safe, ko yana haki in ya kwanta, ki kai shi asibiti a ranar.