Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Babban Birni, Yaushe Za a Ci Abincin Rana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da mahaifiyata da 'ya'yana biyu za mu kai ziyarar yini ɗaya wani babban birni da ban taɓa zuwa ba. Jirgin ƙasa zai sauke mu da ƙarfe 9 na safe, wanda za mu komo a cikinsa kuma zai tashi da ƙarfe 6 na yamma. Na rubuta wurare bakwai da nake so mu gani, ciki har da gidan tarihi da tsohuwar fada da babbar kasuwa. Abincin rana kuwa na ce mu ci duk inda yunwa ta riske mu. Shin wannan tsari ya yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Tsarin bai yi ba, kuma abincin da ka bari a baya shi ne ya kamata ka fara ajiyewa a takarda, sauran abubuwa su biyo shi.

Mu fara da lissafi. Daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 6 awa tara ce, amma ba duka ne naka ba. Fita daga tasha da neman wurin ajiyar kaya da sayen tikitin zirga-zirga za su ci rabin awa, komawa tasha da isa kafin jirgi ya tashi za su ci awa guda, zaman cin abinci na mutum huɗu da wuya ya gaza awa ɗaya da kwata idan aka haɗa da jiran a kawo da shiga bayi da biyan kuɗi, sannan kai-komo tsakanin wurare zai lashe aƙalla wata awa guda. Abin da ya rage bai wuce awa biyar da 'yan mintoci ba. Babban gidan tarihi shi kaɗai yana iya cinye biyu daga ciki. Saboda haka wurare uku za ku gani da natsuwa, na huɗu kuma idan yana kan hanya ne a tsaya a kalle shi daga waje. Sauran ukun a bar su sai wata zuwa, domin ba a tauna taura biyu, balle bakwai.

Akwai kuma abin da taswirar waya ba za ta gaya maka ba. Idan ta ce tafiyar minti goma ce a ƙasa, da takun baligi mai lafiya ta yi lissafi, wato kimanin kilomita 5 a awa. Wanda yake tafe da dattijuwa da yara kuwa, ya yi ƙoƙari idan ya yi kilomita 3, don haka ka ƙara kashi biyu cikin uku na lokacin a kan duk abin da ta nuna maka, ka kuma sauke taswirar a wayarka tun daga gida saboda intanet na iya yankewa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake cewa a fara da abinci. Yunwa ba ta zaɓen wuri, kuma galibi tana kama baƙo ne a bakin wurin da ya fi cika da masu yawon buɗe ido, inda gidajen abinci suka fi tsada da dogon layi, kuma ba su cika damuwa da inganci ba tunda sun san mai saye ba dawowa zai yi ba. A lokacin yara sun fara kuka, ƙafafun Mama sun gaji, sai a faɗa wurin da ya fi kusa. Mafita ita ce ka buɗe taswira ka raba wuraren gida biyu bisa kusancinsu da juna, rukunin safe da rukunin yamma, sannan ka nemi gidan abinci a tsakaninsu, a kan hanyar da dama za ku bi, layi biyu ko uku daga babban titi. Da haka zaman cin abinci ya zama hutun ƙafa ne a tsakiyar yini, ba a kuma yi wata tafiya ta musamman dominsa ba. Ka zaɓi na biyu a kusa da shi, ko da za ka tarar na farko a rufe ko a cike.

Lokaci ma yana da muhimmanci, kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa gidajen abinci da yawa suna karɓar masu cin rana ne daga ƙarfe 12 zuwa wajen ƙarfe 2, daga nan madafa ta rufe sai dare, alhali a Sifaniya sai wajen ƙarfe 2 ake fara zama. Ka bincika yadda abin yake a birnin da za ku, ka isa a farkon lokacin kafin ma'aikatan ofisoshi su fito, kuma idan ana karɓar ajiyar teburi ka ajiye. Idan cikinku akwai mai shan magani a kan lokaci, ko mai ciwon suga, ko wanda akwai abin da ba ya ci, to shi ne zai tsayar da ƙarfen, ba gidan tarihi ba. Ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka suna hana ɓacin rai da yawa.

Wurin da ya fi muhimmanci a gare ka shi za ka sa farko da safe, lokacin da jiki yake da ƙarfi kuma layi bai yi tsawo ba, ka sayi tikitinsa ta intanet idan yana da mai ƙayyadadden lokaci. Kafin haka ka tabbatar a buɗe yake a ranar, domin gidan tarihin Louvre da ke Paris yana rufewa ranar Talata, haka ma fadar Topkapi a Istanbul, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi, sannan gidajen tarihi da dama a Turai Litinin ce ranar hutunsu. Bayan abinci sai a sa abin da ba shi da tikiti, kamar kasuwa ko lambu, wanda za a iya yankewa a kowane lokaci, kuma ya kasance a ɓangaren tasha. Da ƙarfe 5 ta yi, ku kama hanya.

TAMBAYA: Ina da jiran awa bakwai a filin jirgin sama na wata ƙasa kafin in hau jirgi na biyu. Zan iya shiga gari in ci abinci in ga wuri ɗaya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, sai kin fara tabbatar da cewa fasfonki yana ba ki damar fita daga filin, domin izinin wucewa daban ne da bizar shiga ƙasa. Idan an yarda, ki cire awa guda ta sauka da layin jami'an shige da fice, ki cire awa uku da ake so fasinjan ƙasa da ƙasa ya dawo kafin tashi, saura uku, kuma a cikinsu za ki je ki dawo. Idan akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tsakiyar gari cikin rabin awa, ki je, ki zaɓi gidan abincin da ke kallon wurin da kike son gani, ki haɗa biyun a zama ɗaya. Idan kuwa mota ce kaɗai hanya, cunkoso zai iya sa ki rasa jirgi, gara ki ci a filin.