Tambaya da Amsa: Me ake haɗawa a sirinji kafin CS (tiyatar haihuwa) ɗin gaggawa?

Tambaya: Salam likita, ƙanwata ce aka sa wa allurar baya don rage zafin naƙuda, can sai bugun zuciyar jariri ya faɗi aka ce tiyata yanzu-yanzu, amma wai ta ga likita ya tsaya yana zuƙo magunguna daga kwalabe har uku a sirinji ɗaya. Ba ɓata lokaci ba ne wannan? Me ya hana su haɗa su ajiye tun da wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganin da ake tura mata lokacin naƙuda mai ruwa-ruwa ne, galibi bupivacaine kamar 0.1%, zafi kawai yake ragewa, ba zai isa a yanka ciki ba. To tunda siririn bututun nan na allurar bayan (epidural) yana bayanta ba sai an sake soka ta ba, mai ƙarfi ake turawa ta ciki, wajen mil 15 zuwa 20, har sai jiki ya mutu daga ƙafa zuwa daidai kan nono.

Kwalabe ukun da ta gani da alama lidocaine 2% ne (shi ne mai kashe jikin) da adrenaline da bicarbonate. Bicarbonate ɗin ke sa lidocaine ya kama da sauri, adrenaline kuma ya sa ya ƙara ƙarfi ya daɗe, to matsalar ita ce adrenaline ba ya jure zama da bicarbonate, lalacewa yake, ga sirinjin da aka ajiye ƙwayoyin cuta na iya shiga ko wani ya ɗauka a zaton wani magani ne, shi ya sa sai a lokacin ake haɗawa.

Amma kina da gaskiya ta wani fannin, su kansu likitocin suna wannan gardamar, wasu sun fi son ropivacaine 0.75% ko levobupivacaine 0.5% da za a zuƙa kai tsaye daga kwalba ɗaya. Ni dai a ganina haɗin ba laifi in hannu ya saba, in bai saba ba gara kwalba ɗaya, don kuskuren awon adrenaline ba wasa ba ne.

Kafin a sa wuƙa sai an gwada ta da abu mai sanyi, za ta ji ana ja ana dannawa amma ba zafi. In bai kama ba ko ba lokacin jira, barci ake sa ta gaba ɗaya.