Fentin Ƙofa Ba Na Motar Yara Ba Ne

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka shafa ragowar fentin ƙofa a motocin katakon da muke yi wa yara, alhali ga shi ja mai ƙyalli, yana ajiye ba mu da abin yi da shi. Dalilin shi ne babu mai tsotsar ƙofa, amma yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da ya shiga hannunsa bakinsa zai nufa. Saboda haka da bakin yaro muke auna abin wasa kafin mu duba abin da zai burge mai saye.

Fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, akan samu dalma a cikinsa, domin tana ƙara wa launi ƙarfi, tana kuma sa shi saurin bushewa. Idan yaro yana gwaguyar motar, dalmar tana taruwa a jikinsa kaɗan-kaɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba tare da iyaye sun ga wata alama ba sai ɓarnar ta yi nisa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ita wannan daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da ta cikin gwangwani. A Amurka doka ba ta yarda dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fentin kayan yara ba, kuma a 2007 kamfanin Mattel, duk da girmansa, sai da ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya saboda wannan matsala. Mu da ba mu da na'urar gwaji, hanyarmu ita ce fentin ruwa wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba shi da dalma, ko kuma mu goge katakon da samfefa mu bar shi da launinsa, wanda ni a wurina ya ma fi kyau.

Tayoyin da ka yanka jiya ma sun yi ƙanana. Ƙa'idojin kayan wasa na duniya, irin su ISO 8124 da EN 71 na Turai, suna da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, wato inci ɗaya da kwata, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ko ya ɓalle daga jikin motar ya shige, zai iya shaƙe yaro, don haka ba a ba ɗan ƙasa da shekara 3. A nan gida hukumar SON ce take kula da ingancin kaya, sai dai ba za ta zo rumfarmu ta duba kowace taya ba, amanar tana wuyanmu.

Idan ka je 'yan katako a Na'ibawa ta Kano, kada ka karɓo guntayen katakon rufi, domin sau da yawa an jiƙa su da maganin gara ko baƙin mai. Ƙusa kuwa ka bar ta, ka haɗa da gam da turken katako, tunda ranar da motar ta tsage tsinin ne zai fito. Igiyar ja ta zama gajera yadda ba za ta zagaye wuya ba.

Yanzu ka yanko bututun roba mai wancan faɗin ka rataye kusa da zarto. Kowace mota ka gama, ka ja tayoyinta da ƙarfi, ka sake ta ta faɗi a kan siminti, ka bi gefunanta da tafin hannu ko akwai sartse, sannan ka kawo mini in duba.